Gwaggo da Lamba Mai Hawa da Sauka

Shekara ashirin da shida gwaggona ta yi tana gyaran rubutu a wata maɗaba'a. Teburinta na bayan babban inji, inda ƙara ba ta barin mutum ya ji kansa. Ma'aikata suna kiranta Jan Biro, don duk shafin da ya bi ta hannunta sai ya fito kamar an yanka kaza a kai. Karatunta bai wuce sakandare ba, amma ba ta sa hannu a kan abin da ba ta gamsu da shi ba.

Wata ranar Talata aka kawo mata littafin lissafi na wani Dakta. A wani shafi an jera ɗaya sau tara, 111,111,111, aka ce a ninka ta da kanta. Amsar da aka buga ita ce 12,345,678,987,654,300. Gwaggo ta zagaye sifilai biyun ƙarshe da ja, ta ture shafin gefe.

Manaja ya zo yana huci. "Hajiya, ke waƙafi da aya aka ɗauke ki ki duba. Ina ruwanki da lissafin Dakta?"

"Manaja, ɗaya sau ɗaya nawa ne?"

"Ɗaya mana."

"To lambar da ta ƙare da ɗaya, aka ninka ta da kanta, yaya za ta ƙare da sifili? Ba zan sa hannu ba."

Washegari Daktan ya zo da kansa, ko kujera bai karɓa ba. Ya ce kwamfuta ce ta ba shi amsar, ya tambaya ko Gwaggo ta fi kwamfuta ne.

"Ranka ya daɗe, ban san ta ba, ba mu taɓa gaisawa ba," in ji Gwaggo. "Amma ga takarda."

Ta jawo bayan wata tsohuwar kalanda, ta jera layi tara na ɗaya-ɗaya, kowane layi ya matsa hagu da gurbi guda. Ta shiga tarawa daga dama: ɗaya, biyu, uku, har tara, sannan takwas, bakwai, ta gangaro har ɗaya. Amsa ta fito 12,345,678,987,654,321.

"Ka gani? Ta hau daga ɗaya zuwa tara, ta sauko yadda ta hau. Ko ta dama ka karanto ta, ko ta hagu, duk ɗaya ne. Na'urarka gajiya ta yi a hanya, ta yar da wutsiyar."

Mai inji ya ƙyalƙyale da dariya, kuma dariyar ce ta ɓata komai. Dakta ya ce ko a buga yadda ya rubuta, ko ya kwashe aikinsa. Manaja ya sa hannu da kansa, ya mayar da Gwaggo ɗakin naɗe takardu, wai ta huta. Ta ɗauki bironta da kalandarta ta tafi, ba ta roƙi kowa ba. Ta manna lissafin a ƙofar sabon ɗakin, ta wajen da kowa ke wucewa. Sau biyu Manaja yana sa a cire, sau biyu tana sake rubutawa, da lambobi masu girma fiye da na baya.

Wata bakwai tana can. Da malaman makarantu suka fara aiko da ƙorafi, sai aka sake buga littafin da gyara, ba a ambaci sunanta ba. Manaja ya leƙo yana sosa ƙeya.

"Hajiya, teburinki fa yana nan."

"Na san inda yake. A kawo mini littafin nan gaba ɗaya tukuna. Shafi ɗaya kawai aka bari na duba."

Ta samo wasu kurakurai goma sha ɗaya.

Yanzu ta yi ritaya, idonta ya yi rauni. Makon jiya na kai ta asibitin ido, likita ya nuna mata allon gwaji ya ce ta karanto layin ƙasa. Ta ce ba ta gani, kuma ba za ta yi masa kame-kame ba, sai dai ya matso mata da allon.