Abarshi da Guzayen Kubanni

A shekarun da ake ginin kwaleji a Samaru, babu wanda bai san Abarshi ba a Bomo, Bamagujen da gonarsa ta gangara har bakin rafin Kubanni. Mutum ne mai zargin tsiya. Ko sannu ka yi masa sai ya leƙa bayanka.

Guza ne kan-gidansu, wato dabbar da zuriyarsu ba ta kashewa, ba ta ci. Tun yana ƙarami aka cusa masa cewa ran da guza ya ƙare a wannan gaɓar, gidansu ya tashi. Shi ya sa kullum da hantsi yakan tsaya ya ga guzayen sun fito shan rana a kan wani dutse kafin ya sa garma a ƙasa.

Sai wata damina ya lura suna raguwa. Tsoro ya kama shi sosai. Nan take ya ɗora abin a kan Amaechi, wani tela ɗan Sabon Gari da ke zuwa rafin a keke duk Lahadi bayan coci, ya jefa ƙugiya. Ina tela ina rafi? Kuma me ke cikin kwandon nan mai murfi? Ga shi an ce fatar guza tana tafiya a kasuwa.

Da yake noma ya sha masa kai, sai ya kira Cindo, ƙanin matarsa Liya, ya sa shi gadi. Ya bi da shi gaɓar, ya nuna masa ramukan ɗaya bayan ɗaya, har wanda bai taɓa nuna wa 'ya'yansa ba.

Kafin kaka, babu guza ko ɗaya a kan dutsen. Abarshi ya fusata, ya taka har Sabon Gari, ya tsaya a kan telan yana huci.

Amaechi ya dakatar da keken ɗinki, ya ce, “Baba, ni tarwaɗa kawai nake kama. Kana neman fata? Je layin masu fata, mutumin ƙauyenku yana can tun safe.”

Abarshi bai yarda ba, amma ya je. Ya tarar da Cindo a tsugune yana warware fatu a gaban mai saye, babu ko ɓoyo. Ya gane fatar wani babban guza mai guntun wutsiya da ya saba gani.

Abin da ya manta, su ba sa aure sai a gidan da kan-gida ya sha bamban da nasu. Su Cindo kunkuru suke tsoro. Guza kuwa nama ne kawai a wurinsu.

“Cindo,” ya ce, “saura nawa a rafin?”

Cindo ya ɗago kai, ya ce, “Yaya, ai duk ramin da ka nuna mini na shiga.”