Jaririyar Da Ba Ta Firgita Ba

A ƙauyenmu ba a yin bikin suna sai da Ummu Ragab. Sunanta na yanka Nabawiyya, amma tun da ta haifi Ragab babu mai kiranta da shi sai mijinta, shi kuwa ya daɗe a ƙasa. Ba ta gaji gona ba, ba ta gaji saniya ba. Abin da uwarta ta bar mata ɗan turmin tagulla ne da taɓaryarsa, sai kuma hannu mai daɗin kiɗa. Ran kwana bakwai, in an kwantar da jariri cikin rariya, an kunna kyandir, an watsa gishiri, ita ce ke durƙusawa dab da kunnensa ta buga turmin nan, ƙwal, ƙwal, ƙwal, don ya saba da ƙarar duniya kada ya tashi matsoraci. Tana bugawa tana yi masa huɗuba: "Ka ji maganar uwarka! Ka ji ta ubanka! Ta gwaggonka kuwa, ka bar ta a bakin ƙofa!" Mata su kwashe da dariya, jariri ya tsala ihu. Gidan Musulmi da na Kirista duk ita ake aika wa.

Da matar Ragab, Sabah, ta haifi 'ya mace aka sa mata Widad, ranar sunan Ummu Ragab ta goge turmin da lemon tsami har yana ɗaukar ido. Ta durƙusa ta buga. Jaririya ko gezau. Ta ƙara ƙarfi, kofunan shayi suna rawa a kan faranti, yarinya na ta tsotson hannunta.

"Kai!" in ji Ummu Girgis, maƙwabciyarta. "Wannan ba mace kuka haifa ba, soja ce! Yau turminki ya ji kunya, tsohuwa."

"Jinina ce," Ummu Ragab ta ce, tana haki. "Mu ba ma tsoro a gidan nan."

Aka rangaɗa guɗa. Gida cike da mata, kowacce ta yi haihuwa ta yi goyo, amma babu wadda ta tsaya ta ce a'a, ku dakata. Tir! Kuma wadda ta fi kowa sanin yadda jariri ke zabura ita ce ta fi kowa kuri.

Shekara ta zagayo, wata ta biyo, Widad ba ta ce uffan ba. Sabah ce kawai hankalinta bai kwanta ba.

"Umma, ina kiranta ta baya ba ta waiwayowa."

"Miskilanci ne. Ubanta ma sai da ya ga dama ya yi magana."

"Ko mu kai ta asibitin Suhag a duba kunnen?"

"Ke, rufe mana baki! Yarinyar da duk gari ya shaida jaruntakarta za ki laƙaba wa ciwo?"

Sabah ta bar maganar, don uwar miji ce. Sai da Widad ta kusa shekara biyar, ranar da motar rake ta taho tana hon kamar za ta tsage, yarinyar na tsakiyar hanya tana wasa da ƙasa ko waiwayowa ba ta yi ba, direba ya taka birki ya fito yana zagi yana kuka, sannan Ragab ya saɓa ta a kafaɗa sai asibiti.

Likita ya ce da kurumta aka haife ta. Aka maƙala mata na'urar kunne, aka tura su wajen wata matashiyar malama mai koya wa irin waɗannan yara magana. Ita ce ta yi musu bayani a hankali: yaro yakan fara kama kiɗan magana, hawanta da saukarta, kafin ya kama kalma, shi ya sa ake farawa da ganga da tafi. Sannan ta tambaya, ba da mugun nufi ba: "Tana jaririya ba ku taɓa lura ba ta firgita da ƙara ba? Da tun lokacin kuka kawo ta, da aikin ya zo da sauƙi."

Sabah ba ta dubi surukarta ba. Da ta dube ta ma da ya fi sauƙi. Ummu Ragab ta ji kamar ƙasa ta buɗe ta shige.

A mota Ragab ya yanke magana. In aka buɗe makarantu baɗi Widad ba ta fara magana ba, zai kai ta makarantar kurame ta kwana a birni.

"Jikata za ka kai kwana cikin baƙi? Ina raye?"

"To, Umma, ki sa ta yi magana."

Daga ranar Ummu Ragab ta daina zuwa suna. Mata suka yi aike har suka gaji. Kullum da hantsi sai ta zaunar da Widad a kan bencin katako, ta ɗora turmin a gefenta, don bugun ya ratsa katako ya shiga jikin yarinya. Ta kama ɗan hannun Widad ta manna a nata maƙogwaron, ta buga sau biyu, ta ce, "Sit-ti." Haka jikoki ke kiran kaka a wajenmu, kuma kalmar nan ɗaya take roƙon Allah. Miyar lalo ta sha ƙonewa a kan wuta. Ummu Girgis kan leƙo ta katanga ta ce, "Ummu Ragab, mu masu kunnen ma kin kusa kurumtar da mu!" Daga baya ita ma ta daina tsokanar.

Wajen kiɗa kam, Widad jikar kakarta ce. Duk salon da tsohuwa ta buga sai ta mayar mata da shi a cinya, ba kuskure. Ana nan wata rana, tana bugawa, murya ta fito daga ƙirjin yarinyar, gaɓa biyu, daidai da bugun: "Ih-ih."

Ummu Ragab ta fita ba mayafi ta janyo Ragab daga wajen masu shayi. Widad ta sake yi, tana kallon fuskokinsu.

"Ka ji? Sitti ta ce!"

Ragab ya girgiza kai. "Umma, ba ta ce ba."

"Ta ce! Kai ne kurman!"

"Ki yi haƙuri, Umma."

Watannin da suka rage ba su ƙara komai a kan haka ba. Da aka buɗe makarantu Sabah ta haɗa kaya, Ragab ya riƙe hannun 'yarsa. Ummu Ragab ba ta raka su bakin titi ba.

Sai hutun sanyi Widad ta dawo. Ta yi ƙiba, idonta ya washe, hannuwanta kuwa ba sa hutawa. Ashe a can an koya mata maganar hannu, Sabah ma ta tsinci kaɗan a wajen ziyara. Yarinyar ta ruga ta faɗa jikin kakarta, ta ja baya, ta fara ba ta labari. Labari ne dogo, da mutane a ciki, da wani abin dariya, don tana yi tana ƙyalƙyalawa. Duk abin da ta tara a ciki tun haihuwa yau ya sami ƙofa, kuma kakarta ta zaɓa ta fara kawo wa.

Ummu Ragab na kallon yatsun nan, ko ɗaya ba ta gane ba. Ta ɗaga nata hannuwan, sun kumbura, sun ƙage da sanyin ƙashi, ta mayar da su cinya.  Da Widad ta kai ƙarshe ta tsaya jiran amsa, tsohuwa ta gyaɗa kai, ta yi murmushi, ta ce, "E, 'yar nan. Haka ne."

Widad ta san irin wannan gyaɗa kan, da shi ta girma. Dariyar ta ɗauke daga fuskarta. Ta shafa kumatun kakarta, ta juya ta nufi ɗakin girki wajen uwarta, ta faro labarin daga farko.