Mudathir da Jan Layin da Ya Shiga Wayar Yahuza

Duk ranar kasuwar Maƙarfi, Malam Mudathir kan baro Ikara da hantsi, ya zarce rumfar masu gyaran waya. Ba gyara yake kawowa ba. Yakan gaisa, ya nemi izini, sannan ya riƙa ɗaukar wayoyin da aka gama gyarawa ɗaya bayan ɗaya, yana buɗe shafi guda a kowace. Mai fasasshen gilashi, mai ƙaramar fuska, wadda mai ita ya ƙara wa haruffa girma saboda ido ya yi rauni. Masu rumfar sun saba da shi. Da sun hango shi sai su ce, "Ga mai duba marasa lafiya ya iso."

Aikinsa tsara shafin intanet na wata ƙungiyar manoman rani da ta haɗa mutanen Ikara, Maƙarfi da Kudan. Ba shi ke rubuta bayanin da ke ciki ba, na malaman gona ne. Nasa shi ne fayil na umarni, wanda masu sana'ar ke kira CSS, mai gaya wa rubutu da hoto inda za su zauna. Idan fuskar kwamfuta ce mai faɗi, su jeru gefe da gefe. Idan waya ce, su sauka ɗaya ƙarƙashin ɗaya, layi ya karye ya dawo ƙasa maimakon ya fice ta gefe. Ana koyar da wannan a ko'ina cikin duniya, kuma ba wani abin mamaki a cikinsa.

Abin da Mudathir ya ƙara daga nan yankinmu ya samo shi. Ya lura manomanmu ba sa buɗe shafi. Mutum ɗaya mai data ne ke buɗewa, ya ɗauki hoton fuskar wayarsa, ya tura wa surukinsa, suruki ya tura wa maƙwabci. Duk abin da bai shiga wannan hoto guda ba, ba zai isa Gazara ba, ba zai isa Kurmin Kogi ba. A shafin maganin feshin tumatir kuwa abu biyu ne ke da muhimmanci: yawan maganin da za a zuba, da gargaɗin kada a tsinka, kada a ci, sai kwanakin da aka faɗa sun cika. Manomi na farkon yake nema. Na biyun shi ke tsare cikin 'ya'yansa. Don haka Mudathir ya ɗaure su wuri ɗaya, gargaɗin a jan layi manne da ma'aunin, yadda kowace irin waya aka ɗauki hoton da ita, sai sun fito tare.

Shekarar da aka sabunta shafin, shugaban ƙungiyar, Alhaji Bobbo, ya ce a sa hotunan shugabanni a saman kowane shafi. Aka sa. Bayan 'yan kwanaki ya shigo shagon Mudathir da waya a hannu. Waɗanda ke wurin sun ce gaisuwar ma a taƙaice ya yi ta.

"Malam Mudathir, ina hotona?"

"Yana nan, Alhaji. Ka ɗan ja ƙasa."

"Ƙasa? Ni da na kafa ƙungiyar nan, ka ajiye ni ƙarƙashin maganin tsutsa?"

"Ranka ya daɗe, a kwamfuta kana sama. A waya ne wurin ya yi kaɗan."

Mudathir ya koma kan kwamfutarsa. Ya mayar da hoton sama, ya miƙa wa Alhaji wata tsohuwar waya. Fuskar Alhaji ta cinye rabin gilashin, ma'aunin magani ya samu sauran, jan layin ya faɗa ƙasa inda ba a ganinsa. Alhaji ya duba.

"Hular ma ba ta fito da kyau ba," ya ce. "Sauke ni."

A ranin bara, Yahuza, wani manomi a Likoro, ya ga tsutsa ta shiga tumatirinsa. Ya nemi ma'auni, aka turo masa hoton shafin. Ya karanta abin da yake nema, ya yi feshi, ya jefa wayar aljihu. Ana jibi sunan jikansa ne, kuma daga wannan gonar za a tsinko na miya. Washegari matarsa Talatu ta ari wayar za ta kira ƙanwarta a kan maganar tukwane, sai ta tarar hoton yana buɗe.

"Malam, wannan jan rubutun fa?"

"Na magani ne, ba ruwanki. Yi kiranki, kina cinye mini caji."

Ta karanta shi a bayyane, a hankali, yadda ta koya a makarantar yaƙi da jahilci. Sannan ta ɗago.

"Yaushe ka yi feshin?"

"Jiya."

"Shi ne za mu zuba a miyar gari guda, har da mai jego?"

Yahuza ya karɓi wayar ya duba da kansa. Ya yi salati, ya sa takalmi ya nufi gidan maƙwabcinsa Ya'u, wanda bai riga ya yi feshi ba. Daga gonar Ya'u aka tsinko na suna.

Wataƙila da ba abin da zai faru. Wataƙila da an kwashi mata da yara zuwa asibiti. Ba wanda ya sani, ba kuma wanda ke son ya sani. Da labarin ya iso wa Mudathir, ya sauke ajiyar zuciya, ya ce alhamdu lillahi. Tambayarsa ɗaya ce: "Layin ya fito duka, ko ya yanke?" Aka ce duka.

Yanzu zai ajiye aikin. Mahaifinsa ya manyanta, makarantar zauren gidansu a Ikara tana bukatar mai zama, kuma shi ne babba.

Malam Mudathir, kai ne ka yi shekara da shekaru kana auna aikinka da wayar da ta fi kowace ƙanƙanta. Sunanka ba ya kan shafin, Yahuza ma bai san da kai ba. Allah Ya saka da alheri, Ya sa albarka a zaman da za ka yi.

Masu wannan sana'a da ke tasowa, kafin ku ce aiki ya kammala, ku tambayi kanku wa zai karanta, da me, kuma wane layi ne bai kamata ya ɓace ba ko da komai ya ɓace. An ci tuwon suna a Likoro, an raɗa wa yarinya Khairiyya, kowa ya koma gida da ƙafarsa. Mun gode, Malam.