Injin da Goggo Rumasa'u Ta Cire

Na fara jin sunan Goggo Rumasa'u ne a bakin matan Lanham, garin da muke zaune a nan ƙasar waje, suna dariya wai ta cire injin niƙa sauran abinci daga ƙarƙashin sinkin wanke-wanke na gidan ɗanta Tahir. Har yau dariyar nan tana ƙona mini rai. Matar da ta tsufa tana tuƙa tuwon sayarwa a Gusau, ita za ta zuba ido jikoki suna tura tuwo cikin rami? Ta yi magana, ba a ji ba. Sai ta kashe wuta, ta tara bokiti, ta kwance injin da hannunta.

Da na je gaishe ta, ta miƙo mini injin cikin buhu, ta ce, "'Yar nan, tafi da shi gidanku, kada Tahir ya mayar."