Dokta Tari

Maryama ƴar Malam Ramalan ce, Badamagaren da ya ƙare ƙuruciyarsa cikin ramin uraniyom na Akokan, kusa da Arlit, ya fito da tarin da ba ya barinsa barci. Ita ce ta fara zuwa jami'a a kartiyensu, duk faɗin unguwar. Da ta gama lisans a Yamai, ta shiga mastar, wani malaminta, Farfesa Amumun, ya kira ta ofis.

“Ke ƴar Arlit ce, ko? Ina da bincike kan huhun tsofaffin ma'aikatan ramin uraniyom. Ki kawo mini majinarsu da labarinsu, burs ɗin doktora, wato tallafin karatun, naki ne.”

Ta hau mota ta koma gida cike da murna. Tsofaffin da suka sha korar baƙi masu tambaya suka buɗe mata ƙofa, don ƴar Ramalan ce. Ubanta ne ya fara tofawa cikin ƴar kwalba. Intala, tsohon direban kamfani, ya riƙe hannunta ya ce, “Yarinya, magani yana zuwa?” Ta ce in Allah ya yarda, don ita ma haka ta zata.

Aiki ya yi kyau. Farfesa ya je ƙasar waje ya gabatar, aka tafa masa. Burs ya fito, aka ba ɗan ƙanwar Farfesa wanda bai taɓa taka Arlit ba. Da ta je ofis tana kuka, ko kujera bai nuna mata ba.

“Ɗiban majina ba bincike ba ne, ƴata. Ko nas za ta iya.”

Ta dawo Akokan hannu rabbana. Kullum sai wani tsoho ya yi sallama yana tambayar magani. Daga baya suka daina sallama, sai harara. Ran da aka yi jana'izar ubanta, Lalla matar Intala, wadda ita ma take cikin takaba, ta tsaya tsakar gida gaban mata ta ce, “Kin sayar da tarin mazanmu kin ci. Har na ubanki.”

Ba wadda ta ce wa Lalla ta yi shiru.

Yanzu Maryama malamar kwantaragi ce a wani kwaleji. Yara suna kiranta Dokta Tari, kuma in ta juya tana rubutu a allo sai aji ya ɗauki tarin ƙarya. Ba ta waiwayowa, sai ta ci gaba da rubutunta.