Gurbin 'Yan Amshi

Na girma a Karantina, unguwar Hausawa a Jidda, ina bin bayan wata tsohuwar zabiya da duk unguwa ke kira Inna. Ita ke ba da waƙa a bikin aure da suna, mu kuma muna zaune a bayanta muna kiɗan ƙwarya muna amshi. Tun ina budurwa nake wannan aiki har na yi haihuwa biyu. Da muryarta ta soma dishewa, ta sha gaya mini cewa ni za ta bar wa gaba. Na yarda da ita har cikin raina, har na dinka sabuwar riga na ajiye.

Sai ga wani babban biki a unguwar Sharafiyya. Ana tsakiyar waƙa tari ya sarƙe Inna, na gyara zama ina jiran ta yafito ni. Ta tsallake ni ta yafito 'yar ƙanwarta, yarinyar da ni na koya wa riƙon tsinken kiɗa. A mota muna dawowa na kasa haɗiyewa, na ce, "Inna, ina alkawarinmu?"

Ko kallona ba ta yi ba ta ce, "Ke muryarki ta amshi ce, 'yata. Kowa da inda Allah ya ajiye shi. Halas, magana ta ƙare."

A gaban kowa ta faɗa. Na yi kuka ranar, ba zan ɓoye ba, kuma tun daga nan ban sake bin su ba.

A lokacin wanki nake yi wa wasu gidaje a Balad, can cikin tsohon gari. A bakin baho waƙar ta fara zuwa mini, ina cuɗa farar riga da haushi kamar ita ta yi mini laifi. Ban iya rubutu ba, saboda haka duk baitin da ya zo sai in yi ta maimaita shi a hanya har gida kada ya gudu. Na sa mahaifiyata a ciki, wadda ta tako da ƙafa daga ƙasar Hausa, ta bi ta Sudan da ni a goye. Na sa kaina, da ranar Sharafiyya, ba tare da na kama sunan kowa ba. Amshin gajere ne: "Ina tsaye, ban faɗi ba."

Shekarun ne kaset ya fara shigowa Jidda. Yayana, direban tasi, ya sayi rakoda yana ji da ita kamar jaririya. Na yi ta naci har ya yarda zai ɗauki waƙata ranar Juma'a bayan la'asar. Na bi gidajen tsofaffin abokan amshina ɗaya bayan ɗaya, kowacce ta ce in sha Allahu. Ranar ta zo, na share ɗaki, na shimfiɗa tabarmi, na dafa shayi. Babu wadda ta leƙo. Ba su so labari ya kai kunnen Inna.

Yaya ya gaji da jira ya ce, "Yalla, ki yi waƙar ki yi amshin da kanki, wa zai sani?"

Na ce, "Wallahi Yaya na gama yi wa kowa amshi, har da ni kaina."

Muka rufe ƙofa da taga saboda ihun yara da akuyoyi, ɗakin kwano ya zama tanda. Na kifa ƙwarya a baho. A farkon waƙar na faɗi amshin sau ɗaya don a san shi. Daga nan duk baitin da na yi sai in rufe baki, in bar ƙwarya kaɗai tana tafiya daidai tsawon amshin, sannan in ɗauko na gaba. Gumi na shiga idona, amma muryata ba ta yi rawa ba.

Da Yaya ya mayar muka saurara, ya yi dariya har da riƙe ciki. "Esh hada, mene ne wannan? Waƙa duk giɓi kamar bakin tsohuwa!"

Na ce ya bar mini kayata haka. Duk da tsiyarsa, shi ya riƙa sa kaset ɗin a tasi, shi ya ba wani mai gyaran rediyo ya kwafa wa masu so. Ni dai na ci gaba da wankina, ban san inda ta kai ba.

Bayan sallar layya aka gayyace ni suna a can ƙarshen unguwa. Tun daga lungu na jiyo muryata tana fitowa daga rakoda. Baiti ya ƙare, giɓin ya zo, sai na ji gida ya ɗauka gaba ɗaya: "Ina tsaye, ban faɗi ba!" Masu wanki, masu tallar gyaɗa, tsofaffi, har 'yan matan da Hausarsu ta fi kama da Larabci. Na tsaya a bakin ƙofa hawaye na zuba, don daɗin da na ji ya fi ƙarfina.

Uwar mai jego ta hango ni ta ce, "Ku kashe abin nan, ga mai waƙar da kanta!"

Aka jawo ni tsakiya, aka turo mini ƙwarya. Na ba da baitin farko, murya ta fita fes. Amma baki da sabo, da amshi ya zo sai na ji kaina ina yi tare da su. Wata tsohuwa da ke kusa da ni ta daka mini duka a cinya.

"Ke 'yar nan, bar mana namu," ta ce. "Yi naki, muna bayanki."