Gebhard Maisch Ya Sayar da Gidansa

Gebhard Maisch direban bas ne a ƙauyenmu, shi ke kai ma'aikata birnin Reutlingen da safe ya dawo da su da yamma. Ba shi da yawan magana, gaisuwarsa ma ɗaga haɓa ce kawai. Ya haura hamsin yana gwauro a ɗakin haya saman shagon mahauci, har mun cire rai da aurensa. Kwatsam sai ga shi da Hiltrud, bazawarar da ke sayar da burodi kusa da tasha, mace mai dariyar da ake ji daga ƙetaren titi.

A yankinmu, namijin da bai gina gida ba ana masa kallon bai gama girma ba. Suka sayi filin da ke jikin nawa, banki ya ba su bashi irin wanda yawancinmu muka ci: kowane wata kana biyan kuɗin ruwa kaɗai, a gefe kuma kana zuba adashin ginin gida, ranar da adashin ya nuna shi zai biya uwar kuɗin. Yarjejeniya biyu ce amma a ɗaure suke da juna, ba ka kwance ɗaya ka bar ɗaya. Hiltrud ta ba ni labari cewa da ya tsaya jan ƙafa sai ta zungure shi ta ce, “Sa hannu mana tsoho, kafin su lura da furfurar nan.”

Sun ji daɗin gidan nan na wasu shekaru. Daga baya mantuwa ta kama Hiltrud. Da farko muna dariya in ta zuba gishiri a kofi maimakon sukari. Ranar da ta kira ni da sunan wanta da ya mutu tun tana budurwa, ba wanda ya yi dariya. Wani hunturu aka tsince ta a ƙofar tsohon shagonta da silifas, tana jiran a buɗe ta kama aiki. Gidan kula da masu irin ciwonta da aka samu gurbi a birnin Ulm yake, can aka kai ta.

Lokacin Gebhard ya ajiye aiki, idonsa ma ya daina yarda da tuƙi. Kullum sai ya hau bas ɗin da ya yi rabin rayuwarsa yana ja, ya zauna a kujerar baya, ya sauka ya kama jirgin ƙasa. Yini guda ke tafiya don zaman awa ɗaya da ita. In ya dawo, taga ɗaya yake buɗewa a duk gidan, ta kicin. Ta nan nake hango shi yana cin burodi a tsaye, da rigar sanyinsa a jiki.

Da ya yanke shawarar sayar da gidan ya koma kusa da ita, sai ya ce in raka shi banki. Ma'aikaciyar ta saurare shi da ladabi, sannan ta ce, “Ranka ya daɗe, in ka fita yanzu akwai tara, diyyar kuɗin ruwan da banki zai rasa. Adashin kuma bai nuna ba, in aka fasa shi za ka yi asara. Amma saura ƙiris bashin ya cika shekara goma. Daga nan doka ta ba ka dama ka ba da sanarwa ka fita, ba ko sisi.”

“Ƙiris ɗin nan nawa ne?”

“Da wa'adin sanarwar, kamar shekara ɗaya da rabi.”

Ya juya hularsa a hannu ya ce, “Jiya ta gane ni. Shekaranjiya ba ta gane ni ba. Ke za ki iya sa mini hannu cewa za ta jira?”

Matar ta sunkuyar da kai, ta ce za ta lissafa masa tarar.

Ran Juma'a a teburinmu na tsofaffi a mashayar ƙauye aka taso shi gaba. Eugen mahauci ya buga tebur ya ce, “Kai Gebhard, ka haukace? Mutumin da ke wanke jakar leda ya shanya, shi ne zai yi wa banki kyautar kuɗin mota sabuwa? Ka sa ɗan haya mana!”

“In sa ɗan haya, in zauna da me a Ulm?”

“To ka daure! Ita fa ba ta ma san ko ka zo ko ba ka zo ba.”

Gebhard ya shanye abin da ke kofinsa, ya ce, “Ni na sani ai.” Ya ɗauki hularsa. Bai sake zama a teburin ba.

Wasu matasa mata da miji daga Stuttgart suka sayi gidan. Bayan banki ya kwashi nasa, abin da ya rage ya ishe shi hayar ɗaki ɗaya a bayan gidan kulawar. Kullum yana wajenta tun daga karin kumallo, yana taje mata gashi, yana ba ta abinci a baki. Yawanci direba take kiransa, ta ce ya yi sauri kada ta makara. Shi kuwa sai ya ce, “Zauna daidai, Malama, yanzu za mu tashi.” Ta rasu da bazarar da ta biyo baya, yana riƙe da hannunta.

Na ce masa ya dawo ƙauye, akwai ɗaki a gidana. Ya ce kabarinta a Ulm yake, wa zai riƙa ba furannin da ke kansa ruwa? A Ulm bai san kowa ba sai masu jinya, su ma da yawa sun canza wurin aiki.

Na kai masa ziyara a watan jiya. Ya dafa mana taliyar ƙwai da miyar wake, ya fito da faranti na biyu daga cikin kwali, ya wanke shi tukuna. Ya tambaye ni labarin kowa, har Eugen. Da yamma ya raka ni tasha. Jirgin ya yi latti, na ga kuma hakan ya yi masa daɗi, muka zauna a benci yana gaya mini inda kowace bas ta garin take zuwa.